Tseren Kon a Abuja: Tambayoyin da Na Gaji da Amsawa

Duk sabon da ya zo filin tseren kon, wato autocross, tambayoyin nan dai yake kawowa. Ku karanta kafin ku kira ni.

Wai mene ne autocross ɗin?

Fili mai kwalta, a jera kon, robobin nan na masu aikin titi, su fitar da hanya mai kwana-kwana. Mota ɗaya ke shiga, agogo na ƙirga mata. Zagaye bai cika wuce minti ɗaya ba. Mai gajeren lokaci shi ya ci.

Irin wasan motar da samari ke yi a biki ne?

A'a, kuma kada ka sake haɗa mu. Su a titin jama'a suke ƙona taya don a yi musu shewa. Mu a killataccen fili muke, da izinin mai shi. Motar da ke zamewa a kaikaice lokaci kawai take zubarwa.

Sai da mota mai tsada?

Corolla ɗinka ta isa. Ko a Amurka, inda SCCA, ƙungiyar masu tseren motoci, ke yin gasar ƙasa a Lincoln ta jihar Nebraska, akwai rukunin motocin da ba a taɓa injinsu ba. Doguwar jif ce ba a so, don tana iya kifewa.

Idan na buge kon fa?

A ƙara maka daƙiƙa 2 kan kowanne. Ka tsallake ƙofa kuwa, wato tsakanin kon biyu da dole ka bi, zagayen ya tashi a banza. Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, babu wanda bai buge ba. Roba ce, ba za ta lotsa maka mota ba.

Iska nawa zan sa wa taya?

To, a nan za mu daɗe. Duk wanda ya ba ka lamba ɗaya bai tambayi motarka da tayarka ba, cika baki yake. Fara da abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, ka ɗora psi (ma'aunin iskar taya) 3 ko 4 a kai, don a kwana mai tsanani tayar yau da kullum kan kwanta a gefenta idan iska ta yi kaɗan. Sai ka shafa alli a kafaɗar tayar ka yi zagaye ɗaya. Idan allin ya goge har gefe, ƙara iska. Idan ko allin kafaɗar bai goge ba, rage kaɗan. Amma fa alli ba ya bambance laifin taya da laifin direba: wanda ke afka wa kwana da gudu zai goge shi ko nawa ya hura, ya zo yana ce mini taya ce.

Ga kuma zafi. Abin da ka auna da safe ba shi za ka tarar ba bayan zagaye uku a kwaltar Abuja da azahar, musamman a watan Maris, don iska na hawa idan taya ta ɗumi. Mutanen Jos da ke saukowa da lambar da ta yi musu aiki a sanyin hunturu, su sake aunawa. Wasu masu mota mai ja da gaba suna wasa da iskar baya don bayan motar ya riƙa juyawa da sauƙi. Yana yi wa wasu aiki, amma ban ba sabo shawararsa ba. Sayi gejinka na kanka, na mai faci ya sha faɗuwa ƙasa. Kada ka wuce iyakar da aka rubuta a jikin tayar. Idan kuma 'yar Baljiyam ce, duba lambobi huɗun da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Tayar da ta tsufa ta bushe, babu iskar da za ta gyara ta.

Motata tana ƙin juyawa a kwana, shokazoba ne?

Kai ne. Ka shigo da gudu, tayoyin gaba suka kasa riƙe ƙasa, sai ka ƙara murɗa sitiyari, abin ya ƙara lalacewa. Taka birki tun mota na miƙe, ɗaga ƙafa daga totur, sassauta sitiyarin kaɗan. Bar bakanike ya huta.

Dole sai na zagaya filin da ƙafa?

Dole. Ina ganinku kuna hira a inuwa lokacin zagayen, sannan ku shiga mota ku ɓata a kon na biyar. Kuma idan kana tuƙi, daina kallon kon ɗin da ke gaban bamba, wannan ya riga ya wuce ka. Kai idonka biyu ko uku gaba. A jerin da ake saƙawa hagu da dama, juya da wuri, tayar baya ta bi dab da kon.

Wace giya?

Ta biyu. Bar ta a nan.

Me zan zo da shi?

Hular kwano, ruwan sha, birki mai kamawa, batir a ɗaure. Kwashe komai daga cikin motar: buta, kwalabe, har shimfiɗar ƙarƙashin ƙafa, don takan zame ta shige ƙarƙashin birki. Silifas kuma a bar shi a gida.