Waiwaye: yaushe daji ya daina zama namu?

Kwanakin baya a majalisarmu ta bayan isha'i a Ƙauran Namoda aka tayar da maganar dogaran daji, waɗanda Shugaba Tinubu ya amince a ɗauka a watan Mayun 2025, wai dazuzzuka 1,129 za su tsare a faɗin ƙasa. Wani matashi ya ce ai shikenan daji zai dawo hannu. Sai wani dattijo da bai ce uffan ba tun da aka zauna ya ɗago ya ce masa, "Ɗana, hannun wa?" Aka bushe da dariya, amma ni tambayar nan ta bi ni har kan katifa, don in ka bi tarihin dajinmu kaf ɗinsa amsar tambayar nan ce take ta canzawa.

Kafin zuwan Turawa daji yana da masu shi, ba wai sakaka yake ba. Sarkin baka shi ke cewa yau za a fita farauta gobe ba za a fita ba, arɗo ya san mashaya da burtalin da shanu za su bi, gari yana da huruminsa da ba mai kafa gatari a ciki, ɗorawa da kaɗanya da tsamiya kuwa kowacce an san ta gidan wane ce, kuma ba a kaɗe ɗorawa sai ta nuna an yi shela. Ko a addinance ma akwai hima, wato wurin da shugaba zai keɓe don amfanin jama'a, Malam Abdullahin Gwandu ya yi rubutu a kan hukunce-hukuncen ƙasa irin waɗannan. Kar dai mu mai da zamanin can aljanna, masu sarauta sun ci rabonsu har da na wasu, ɗorawa mai yawan 'ya'ya sau da yawa ta hakimi ce. Amma mai hukuncin yana cikin gari, kun san gidansa, za ku haɗu a masallaci.

Sai Bature ya zo da dokar gandun daji ta 1916, aka sake ta a 1937. Gandun dajin Zamfara, wanda ya ratsa ƙasar Zurmi da Birnin Magaji har iyakar Nijar, tun kafin 1920 aka shata shi, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,000. Ƙauyuka huɗu aka bari a cikinsa kamar tsibirai, Dumburum da Shamushalle da Tsabre da Aja, aka ce ku noma iya nan, ku tsaya nan. E, Dumburum ɗin nan dai da yanzu in an ambace ta gaban mutum ke faɗuwa. En'e, wato hukumar mulkin gargajiya ta sarakuna, ke riƙe da gandun, ita ke karɓar kuɗin famit da tara, aka kuma kawo wani sabon mutum cikin rayuwar talaka, malamin daji.

To nan ne abin ya karkace, don dokar ba a gandu kaɗai ta tsaya ba, ta biyo wasu itatuwa har cikin gonar mutum. Kakana yana da gawo a gonarsa, shi ya raine shi tun yana tsiro, wata shekara rani ya yi tsanani ya sassaro rassa ya ba tumaki, washegari malamin daji ya zo a kan kekensa ya karɓe gatari ya yanka masa tara, sai da aka sayar da akuya. Kakata har ta rasu in ta tuna sai ta ce, "Wai iccen ga na gwamnati na, to gwamnati ta taɓa ba shi ruwa?" Daga ranar duk tsiron gawo ko marke da ya leƙo a gonar, wajen sassabe ake gamawa da shi tun bai kai gwiwa ba. Ba ƙin itace kakana yake ba wallahi, lissafi ya yi, icce in ya girma ya zama hanyar da hukuma za ta shigo maka gona. Ka ninka wannan lissafin sau dubban gonaki, shekara hamsin, sai ka gane inda inuwarmu ta tafi.

Bayan 'yancin kai gwamnatin Arewa ta yi dokar wuraren kiwo a 1965, gandun Zamfara ya koma makiyaya, aka haƙa madatsun ruwa, wannan kam an ɗan tuna da Fulani. Amma a 1976 gyaran ƙananan hukumomi ya kawo ƙarshen En'e, a 1978 kuma dokar mallakar ƙasa ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna. Wato daji ya tashi daga hannun mai gari ya koma En'e, daga En'e ya koma bakin alƙalamin mutum ɗaya a Sakkwato, daga 1996 kuma a Gusau. Kullum mai hukunci yana ƙara nisa da icce. Ga fari na 1973 da na 1984, sai aka shiga yayin ranar dashen itatuwa, a kawo dogon yaro da turare a leda, babban baƙo ya dasa ɗaya a ɗauki hoto, kafin sati biyu awaki sun yi walima.

Lokacin siyasa abin ya ƙara dagulewa. Daga 1999 aka riƙa yanka gandun daji da wuraren kiwo ana rabawa a matsayin gonaki, manya su samu ɗaruruwan kadada, burtali ya toshe, mashaya ta koma lambu, makiyayi ya rasa ta inda zai bi sai ta cikin amfanin wani, a kai shi kotu a tatse shi. Ba ni na faɗa ba, gwamnati da kanta ta yarda, tunda a 2019 Gwamna Bello Matawalle ya sanar da soke rabon filayen da aka yi a wuraren kiwo tun daga 1999, a shekarar ce kuma kwamitin tsohon babban sufeton 'yan sanda na ƙasa M.D. Abubakar ya yi bincike kan rikicin 'yan bindiga. Ba na cewa rabon daji kaɗai ya haifi ta'addanci, akwai zinare akwai makamai akwai zalunci iri-iri, amma duk wanda ya cire shi daga lissafi yaudarar kansa yake.

Abin haushi, a daidai shekarun da muke nisanta mutane da daji wasu sun riga sun juyo. Tun 1978 taron gandun daji na duniya a Jakarta takensa ke nan, daji don jama'a. Nepal ta ƙwace dazuzzuka ta mai da su na gwamnati a 1957, ta ga tsaunuka suna ta zama sanƙo, a 1993 ta yi doka ta miƙa wa ƙungiyoyin ƙauye, dajin ƙasar ya tashi daga kashi 26 cikin 100 a 1992 zuwa kusan 45 a 2016. Indiya ma ta fara haɗin gwiwa da ƙauyuka a 1990. Ko nan gida mutanen Ekuri a Kuros Riba sun riƙe dajinsu mai kadada 33,600 da kansu.

Amma me zai kai mu Nepal, ga Maraɗi nan bayan katanga, yare ɗaya tuwo ɗaya, ruwansu ma bai kai namu ba. Su ma dokar Faransa ta bar musu gado irin namu, icce na hukuma ne, manomi ya share gona fes. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo da ya gaji da dashen da ba ya rayuwa ya lura cewa 'yan kututturan da ke tohowa a gonaki itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa, abin da suke so kawai a rage tohon a bar biyu ko uku masu ƙarfi a kare su. Shi ne sassaben zamani. Dabarar ba wata sabuwa ba ce, manoma sun san ta, abin da ya sa ta kama shi ne da malaman daji suka sassauta, mutane suka tabbata wanda ya raini icce shi zai mora, daga baya dokar daji ta 2004 ta ƙara ƙarfafa haƙƙin jama'a. Yau ana maganar kadada miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a Maraɗi da Damagaram, ba leda ba tankar ruwa. Tun 1992 kuma suka kafa kasuwannin icce na karkara, ƙauye ke da hurumin sara da sayarwa bisa ƙa'ida, wani kaso na harajin ya zauna a ƙauyen. Ba cewa na yi komai ya tafi daidai can ba, dajin Baban Rafi ma yana fama da irin baƙin da muke fama da su.

Mu fa? A takarda ba a bar mu a baya ba. Manufar gandun daji ta ƙasa ta 2006 da wadda aka sabunta a 2020 duk sun ambaci shigar da al'umma, ga shirin babbar koriyar ganuwa, wato shingen itatuwa don tare hamada, da Zamfara da Kebbi ke cikin jihohi 11 da ya shafa, ga ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700 da aka amince da shi a 2021. Na taɓa zuwa wani taron bita a wani otal a Gusau kan kafa kwamitocin kula da daji. An raba riga da hula, an ci shinkafa da kaza, an sa hannu a takardar alawus. Na duba ɗakin nan kaf, ba mace ɗaya cikin masu tsintar kaɗanya da dafa daddawa, ba arɗo, ba mai gawayi ko ɗaya alhali shi ne kullum a dawa da gatari. Wani dagaci ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, in mun tsare dajin ya yi kyau, wa zai hana a ba wani shi?" Mai jawabi ya ce za a duba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mutumin nan tambayarsa ita ce gaba ɗayan zancen, kwamitin da ba shi da ikon hana ko bayarwa, ba shi da kaso a kuɗin famit, ba shi da takardar da ta fi ƙarfin sa hannun wani babba, ai ɗan gadi ne ba albashi.

Na san abin da za a ce, wane irin shigar da jama'a alhali Sububu da Kuyambana da Dumburum ba mai shiga sai da izinin masu bindiga, har haraji suke sawa kafin a yi noma ko girbi. Gaskiya ne, kuma abin kunya ne a ce dajin da aka hana talaka yanka reshe a cikinsa yau wasu ne ke hukunci a ciki. Amma harkar daji a hannun jiha take, majalisar Gusau za ta iya rubutawa gobe cewa iccen da ke gonar mutum nasa ne, hurumin gari na gari ne da iyakarsa a takarda, burtali kuma ba gwamnan da zai sake yanka shi, wannan ba ya jiran a gama yaƙi.

Dattijon nan na majalisa, da aka matsa masa ya ce shi in an ɗauko dogaran daji yana da tambaya ɗaya da zai yi musu ranar da suka iso, ko sun zo da gatarin babansa.