Boko Ba Daga Turanci Ta Fito Ba

A teburin mai shayi da ke Unguwar Rogo a Jos na sake jin tsohuwar maganar nan, wai kalmar boko "book" ce ta Turanci, harshen Bahaushe ya lanƙwasa ta. Har malaman makaranta suna faɗin haka, kuma abin yana damuna, domin kalmar tamu ce tun kafin zuwan Turawa.

Kakanninmu sun san amaryar boko, wadda ake ɗorawa a kan doki ana rakiya alhali ta gaskiyar tana wani wuri. Sun san biri-boko. Ƙamus ɗin Hausa da Bature Bargery ya wallafa a 1934 ya kawo boko da ma'anar yaudara da algus, abin da ba na ainihi ba. Da Turawa suka kawo makarantunsu, mutanen da suka saba da karatun allo suka raina sabon ilimin, suka kira shi na boko.

Masanin Hausa Paul Newman ya bi diddigin wannan a 2013. Sauti ma shaida ne: "cook" ta zama kuku a bakinmu. Da aro ne, buku za mu ce.