Ko Har Yanzu MyISAM Ya Fi InnoDB Sauri?

Har yau akwai masu cewa in kana son sauri a MySQL, manhajar adana bayanai a cikin tebura, ka ɗora teburinka kan MyISAM, ɗaya daga cikin injinan da ke kula da ajiyar bayanan. Maganar ta tsufa. Tun fitowar MySQL 5.5 a 2010 wani injin mai suna InnoDB ya zama wanda ake samu kai tsaye in ba a zaɓi wani ba.

Ga inda gizo ke saƙa: MyISAM kan kulle tebur gaba ɗaya idan ana gyara bayani. Mutum ɗaya na sabunta layi guda, sauran duk su yi cirko-cirko suna jira. InnoDB kuwa layin kaɗai yake kullewa. Wuta ta ɗauke ana tsaka da rubutu, InnoDB zai koma kundin ayyukansa ya daidaita kansa. MyISAM sai ka zauna kana gyaran tebur, wani lokacin bayanai sun salwanta.

To daga ina sunan saurin ya samo asali? MyISAM na ajiye adadin layuka, don haka ƙirga layukan tebur duka nan take yake. Iyakarsa ke nan kusan. Ko binciken cikakken rubutu (neman kalma a cikin dogon rubutu) da ake masa kirari da shi, InnoDB ya samu tun MySQL 5.6.