Mene ne link, kuma ta ina ake fara karanta shi?

"Turo min link." "Danna link ɗin nan ka cike fom." Kullum sai mun ji wannan kalma, wasu kuma na ce masa mahaɗi. Ba komai ba ne illa adireshi, wato rubutun da ke nuna wa burauzarka, Chrome ce ko Opera Mini, gidan da za ta je ta ɗauko maka shafi. Tim Berners-Lee ne ya fara tsara hanyar a 1989, a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da birnin Geneva, kuma har yau a kanta ake tafiya.

Abin da ke damuna shi ne muna dannawa ba ma dubawa, alhali sunan mai gidan yana nan a rubuce.

Ɗauki adireshin hukumar JAMB: https://www.jamb.gov.ng. Wannan https da ke farko yana nufin abin da ka rubuta zai tafi a kulle, wani ba zai leƙa shi a hanya ba. Iyakar aikinsa ke nan. Ba ya shaidar mai shafin mutumin kirki ne, ɗan damfara ma yana samun sa kyauta. Shi ya sa a 2023 Chrome ta cire alamar kwadon da ke gefen adireshi, don mutane sun ɗauke ta shaidar aminci.

Ainihin sunan yana wutsiya, daf da sandar nan mai karkata, /, ta farko da ke zuwa bayan https://, idan akwai ta. Daga nan za ka karanto, daga dama zuwa hagu kamar karatun allo. Haruffan .ng na Najeriya ne, .ne kuma na Nijar. Gov gwamnati ke nan, kuma gov.ng ba a sayar wa kowa, hukumomin gwamnati kaɗai NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta Najeriya, ke ba wa.

To, dubi wannan da na ƙirƙira don misali: jamb.gov.ng.tallafi-kyauta.xyz. Ido na faɗawa kan jamb sai hankali ya kwanta. Amma karanto daga dama. Mai gidan shi ne tallafi-kyauta.xyz, duk abin da ke hagunsa shi ya rubuta da hannunsa, kamar mai shago ya maƙala allon banki a ƙofarsa. Irin wannan aka turo wa ƙanwata a WhatsApp da sunan tallafi. Na tarar da ita ta riga ta rubuta lambar BVN ɗinta, babban yatsanta na kan maɓallin turawa. Har yanzu in na tuna gabana sai ya faɗi.

Gajerun link irin na bit.ly kuwa sun lulluɓe sunan gaba ɗaya, sai shafin ya buɗe za ka ga inda aka kai ka. Kafin ka rubuta ko harafi ɗaya, ka taɓa akwatin adireshin da ke burauzar ka karanta shi duka. In kuma batun banki ne ko jarrabawa, ka bar link ɗin, ka rubuta adireshin da kanka.