Auna Ƙarfi da Bambancin Jarumi a Wasan Bidiyo

Auna jarumi aiki ne da masu ƙera gem da su kansu 'yan wasa suke yi kan duk jarumin da mutum zai iya ɗauka ya buga da shi, don a gano ko yana da salon kansa wanda babu a wajen sauran, sannan ko ƙarfinsa ya wuce gona da iri ko kuma ya yi ƙasa. Wahalar aikin ita ce waɗannan biyun ba sa ga maciji, don hanya mafi sauƙi ta daidaita jarumai ita ce a mai da su iri ɗaya, to amma idan an yi haka wa zai ɓata lokacinsa yana zaɓe?

Bambancin gaske ba a kaya ko fuska yake ba, yana cikin abin da jarumin yake tilasta maka ka yi da hannunka. A Street Fighter II da Capcom ta fitar a 1991 jarumai takwas ne, Ryu da Ken kusan komai nasu ɗaya a fitowar farko sai daga baya aka raba su, amma dubi Zangief, shi dole sai ya matso jikinka kafin ya cafke ka, Dhalsim kuwa daga nesa yake miƙo hannu da ƙafa, shi ko Guile sai ka danne maɓallin ja da baya na ɗan lokaci kafin ya saki harinsa na nesa mai suna Sonic Boom, shi ya sa mai buga shi yake koyon haƙuri ko yana so ko ba ya so. Wani lokaci ma ɗan abu kaɗan ya isa. A Super Smash Bros. takobin Marth ya fi illa a tsininsa, na Lucina kuwa ƙarfinsa ɗaya ne daga sama har ƙasa, wannan kaɗai ya sa tazarar da kowannensu yake nema ta bambanta.

Wajen auna ƙarfi a gem ɗin faɗa ana ƙirga firem ne, wato hotunan da allo yake nunawa ɗaya bayan ɗaya, yawanci 60 a daƙiƙa ɗaya, a duba firem nawa duka yake ɗauka kafin ya fita, nawa yake yi yana iya taɓa abokin karawa, nawa kuma jarumin yake yi a buɗe kafin ya dawo hayyacinsa. Duka mai zafi ya kamata ya zo da farashi, in ka zuba shi a iska ka sha naka. 'Yan gasa kuma suna rubuta haɗuwa kamar 5-5 ko 7-3, wato cikin karawa goma tsakanin gwanaye biyu da ƙwarewarsu ta zo ɗaya, wa zai ci nawa.

A gem ɗin ƙungiya irin League of Legends mai jarumai sama da 160 ana duba yawan nasara, da yawan ɗauka, da yawan hana jarumi shiga wasa. Sai dai kashi 50 cikin 100 na nasara yana yaudara sosai, don jarumi mai wuyar sarrafawa zai iya zama abin tausayi a hannun sabon shiga alhali a hannun gwani ba a iya tare shi, shi ya sa a 2019 Riot Games, kamfanin da ya ƙera gem ɗin, ta bayyana tsarin da take auna kowane jarumi a matakai huɗu, daga 'yan wasa na gama-gari har zuwa 'yan gasar ƙwararru.

Ma'aunin da ya fi duk waɗannan lambobi nauyi shi ne ko abokin karawa yana da amsa. Jarumi ya yi ƙarfi ba laifi ba ne matuƙar akwai inda za a kama shi. Akuma na Super Street Fighter II Turbo a 1994 yana jefo wuta daga sama ta yadda yawancin jarumai ba su da maganinta, sai aka hana shi a gasanni da yawa, haka Meta Knight na Super Smash Bros. Brawl ya sha hani a wasu gasanni. Brigitte da ta shigo Overwatch a 2018 ta ba da ƙarfi ga zubin ƙungiya mai tanki uku, wato jarumai masu jure duka da kare 'yan'uwansu, da masu tallafi uku har masu harbi suka rasa gurbi, a 2019 Blizzard mai gem ɗin ta kafa dokar biyu-biyu-biyu, wato tanki biyu, masu harbi biyu, masu tallafi biyu a kowace ƙungiya.

Gyara yakan zo ta afdet, a rage ko a ƙara. Mafi aminci shi ne a taɓa lamba, wato zafin duka ko lokacin jira kafin a sake amfani da baiwa, wato wani iko na musamman da jarumin yake da shi, a bar abin da aka san jarumin da shi, don da zarar an taɓa wannan ba a san inda za a faɗa ba. A 2017 Blizzard ta cire wa Mercy ta Overwatch ikon tayar da 'yan ƙungiya da yawa da aka kashe lokaci guda, ta mai da shi tayar da mutum ɗaya amma a kai a kai, sai ga shi ta ƙara ƙarfi har kusan babu ƙungiyar da za ta fita ba tare da ita ba, aka yi watanni ana rage ta har cikin 2018.