Iyakar Chadi da Sudan: Me Ya Sa Wutar Darfur Take Tsallakowa?

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, tsakanin sojojin Janar Abdulfatah al-Burhan da dakarun RSF na Muhammad Hamdan Dagalo wanda ake kira Hemeti, bai tsaya a cikin gida ba. Babu maƙwabciyar da zafinsa ya taɓa kamar Chadi.

Wace irin iyaka ce wannan?

Tsawonta ya kai kusan kilomita 1,400, kuma a wurare da yawa ba ka ganin komai sai fili da rairayi. Garin Tine misali ne: gari ɗaya ne da kwazazzabo ya raba biyu, tsallaken nan Chadi, tsallaken can Sudan. Da rani yaro ma zai taka ya haye. Daga Al-Junaina, babban birnin Darfur ta Yamma, zuwa Adre a Chadi kuwa tafiyar kusan kilomita 30 ce. Zagawa da Masalit da Larabawa makiyaya duk suna zaune a ɓangarorin biyu, da auratayya da kasuwa ɗaya. Ta nan ne kakanninmu masu zuwa Makka a ƙasa suka bi, daga Kano zuwa Maiduguri, Abeshe, Adre, Al-Junaina, har gaɓar Bahar Maliya, kuma zuriyar waɗanda suka yada zango a hanya na cikin Hausawan Sudan na yau.

Ko wannan ne karo na farko da ƙasashen biyu suka sa zare?

Ina! Wanda bai san abin da ya faru tsakanin 2005 da 2010 ba, zai yi wuya ya fahimci na yau. Bayan rikicin Darfur ya tashi a 2003, shugaban Sudan na lokacin Umar al-Bashir ya zargi takwaransa na Chadi Idris Deby, wanda Bazagawe ne, da ɗaure wa ’yan tawayen Darfur gindi. Sai shi ma ya buɗe wa ’yan tawayen Chadi ƙofa. A Disambar 2005 aka kai hari Adre, Chadi ta ɗora wa Khartum alhaki. A Afrilun 2006 ’yan tawaye suka tsallaka ƙasar gaba ɗaya a motocin a-kori-kura har Njamena. A Fabrairun 2008 suka dawo, suka yi wa fadar shugaban ƙasa ƙawanya, saura ƙiris gwamnati ta kife. Wata uku bayan nan, a Mayu, ƙungiyar ’yan tawayen Darfur ta JEM ta kutsa har Umdurman, ƙofar Khartum, Sudan ta yanke hulɗa da Chadi. Kowa ya ɗanɗana kuɗarsa a babban birninsa. Talakawan ƙauyukan iyaka su suka fi biyan farashi, domin mahaya da ake kira Janjawid sun riƙa tsallakowa suna ƙona gidaje suna kora dabbobi.

Sai a Janairun 2010 aka yi sulhu, aka kafa rundunar haɗin gwiwa mai sintiri a iyaka. Ta yi aiki fiye da yadda mutane da yawa suka zata, saboda dalili ɗaya: kowane shugaba ya daina ciyar da maƙiyin ɗan’uwansa.

To me ya ɓata wannan tsari?

Rundunar haɗin gwiwa tana buƙatar gwamnati a kowane tsallake. Yanzu yawancin ɓangaren Sudan na iyakar ba ya hannun sojojin gwamnati. Tun a makon farko na yaƙin, sojojin Sudan kusan 320 suka tsere cikin Chadi, aka karɓe makamansu. Al-Junaina ta koma hannun RSF a 2023, Al-Fashir, babban birnin Darfur ta Arewa, kuma ta faɗi a Oktoban 2025 bayan ƙawanya ta kusan shekara ɗaya da rabi. Daga nan faɗa ya matso arewa, yankin Zagawa, bakin Tine. A Disambar 2025 jirgi maras matuƙi ya kashe sojojin Chadi biyu a can, a Janairun 2026 kuma wasu bakwai suka mutu a arangama da mayaƙan RSF da suka ƙetaro.

Me Sudan take zargin Chadi da shi?

Filin jirgin sama na Amjaras, a arewa maso gabashin Chadi. A rahotonsu na Janairun 2024, ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce zargin da ake yi cewa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana kai wa RSF makamai ta wannan fili zargi ne mai tushe. Daular ta musanta, ta ce asibiti ta kafa a garin domin ’yan gudun hijira. Chadi ma ta musanta, tana cewa ita ’yar ba-ruwanmu ce. A Disambar 2023 ƙasashen biyu suka kori jami’an diflomasiyyar juna. A Maris 2025 Janar Yasir al-Atta na sojojin Sudan ya ce filayen jirgin Njamena da Amjaras wurare ne da ya halatta a kai wa hari, Chadi ta ce ana iya ɗaukar wannan furuci a matsayin shelar yaƙi.

Shugaban Chadi Mahamat Deby, ɗan Idris Deby, fa, wane ɓangare yake?

Yana tsaka mai wuya, kuma a ganina shi ya sa kansa. Daular Larabawa tana ba gwamnatinsa kuɗi, har da rancen dala miliyan 500 a 2024. Amma ƙashin bayan sojojinsa Zagawa ne, kuma ’yan’uwansu na jini su ne RSF ta yi wa ƙawanya a Al-Fashir, inda mayaƙan tsohon madugun ’yan tawayen Darfur Minni Minnawi da na JEM suka yi yaƙi tare da sojojin Sudan. Hafsan da ake kashe dangin mahaifiyarsa a tsallaken kwazazzabo ba zai daɗe yana jin umarnin ya naɗe hannu ba. Cikin RSF kuma akwai Larabawa masu dangi a Chadi. Wato ɓangarorin yaƙin biyu duk suna da ’yan’uwa a barikin Njamena, kuma wannan ya fi kowane jirgi maras matuƙi haɗari ga ƙasar.

Mutanen da ke zaune a wurin fa?

A Yunin 2023, bayan an kashe gwamnan Darfur ta Yamma Khamis Abakar, Masalit suka kwararo Adre, wasu a ƙafa, wasu a keken doki ɗauke da katifa da tukunya, da yawa da raunin harsashin da aka harbe su a hanya. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta an kashe mutum 10,000 zuwa 15,000 a Al-Junaina kaɗai a wannan shekara. Adre, garin mutum kusan 40,000, ya wayi gari da baƙi sama da 200,000 a bukkokin itace da tsumma. ’Yan Sudan da ke gudun hijira a Chadi, sababbi da waɗanda suka zo tun 2003, sun haura miliyan ɗaya.

Wannan mashiga ta Adre ita ce kuma babbar hanyar kai abinci Darfur. Gwamnatin Sudan ta hana motocin agaji bi ta nan a Fabrairun 2024, tana cewa makamai na shiga. Ba ta sake buɗewa ba sai a Agusta, watan da aka tabbatar da yunwa ta kai matakin kisa a sansanin Zamzam kusa da Al-Fashir.