Mene ne "distro" a Linux, kuma wanne ya dace da kwamfutar ƙauye?

Tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, masu shagunan buga takardu daga Ringim har Gumel suke neman mafita, domin da yawa daga cikin tsofaffin kwamfutocin hannu da ake sarowa a Titin Beirut na Kano ba sa ɗaukar Windows 11. Ka ce wa mai gyara ya sa maka Linux, sai ya ce, "Wane distro, Malam?"

Linux shi kansa ƙwaya ce kawai, wato ɓangaren da ke sa manhajoji su yi aiki da sassan na'ura. Linus Torvalds ne ya fito da shi a 1991 yana ɗalibi a ƙasar Finlan. Idan wani kamfani ko ƙungiyar sa-kai suka ɗauki ƙwayar nan, suka haɗa mata fuskar allo, da manhajar rubutu irin LibreOffice, da burauza, da rumbun sauke manhajoji, to wannan haɗin shi ake kira distro. Geron ɗaya ne, wata ta dama fura, wata kunu. Debian ya fito a 1993, a kansa aka gina Ubuntu a 2004, a kan Ubuntu kuma aka gina Linux Mint.

A wurinmu, abin da ya fi kyan fuska muhimmanci shi ne data da wuta. Distro ɗin da ake kira Arch kullum cikin sabuntawa yake, wani mai suna Fedora kuma kusan duk wata shida sai ya saki sabo. Wanda yake cajin kwamfuta da sola, yake jona ta da intanet ɗin wayarsa, ina shi ina wannan hidima? Wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabuntawa, wani lokacin na'urar ma ƙin tashi take yi. Ubuntu kuwa yana da nau'in LTS, wato wanda ake daɗewa ana kula da shi ba a sauya shi ba, mai fitowa a Afrilu duk bayan shekara biyu, ana kula da shi shekara biyar, kuma a kansa Mint yake tafiya. Shi ya sa ni Mint nake zaɓa wa malamin makaranta ko mai shago. In RAM ɗin kwamfutar, wato ma'ajiyar da take riƙe aikin da ake kan yi, bai wuce giga 4 ba, a ɗauki Mint mai fuskar Xfce, ya fi sauƙin nauyi. Sannan a tambayi abin da mai gyara na kusa ya iya. Distro ɗin da babu mai taɓa shi sai an je Dutse wahala ce.

Gaskiya ɗaya: CorelDRAW ba shi da nau'in Linux, don haka mai zana katin biki ya yi tunani tukuna.

Kafin a goge komai, a sa distro ɗin a filas, a tayar da kwamfutar daga cikinsa, Windows na nan ba a taɓa shi ba. A jona firinta a buga shafi ɗaya, a gwada Wi-Fi da sauti, sannan a shiga saitin madannai a zaɓi Hausa ta Najeriya, a rubuta ƙ, ɗ da ɓ a ga sun fito daidai.